Rafin da Ba a Ƙetare Shi Mutum Ɗaya

Har yau, in ina zaune a bencin ƙofar shagona a Titin Bauchi na jiyo rugugin babbar mota daga nesa, tun kafin in gan ta sai in tarar na janye ƙafafuna daga ƙasa na ɗora su kan benci. Mai shayin da ke gefena ya daɗe yana yi mini dariya a kan haka, wai Baba na tsoron tirela ta taka masa silifa. Ƙyale shi nake yi. An haife shi bayan an daina haƙar kuza, ruwa mafi zurfi da ya taɓa shiga shi ne na bahon wanka, me zan tsaya ina gaya masa? Shagon nawa ma suna ne kawai ya rage. Gyaran keke nake yi, keke kuwa ya mutu a garin nan tun da acaɓa ta shigo. Sai in wuni ban yi faci ko ɗaya ba, in ban da wani ya kawo ƙwallo a sa mata iska. Da aiki ya daina zuwa, sai tunani ya riƙa zuwa yana zama a gurbinsa, kuma duk inda ya faro, a bakin rafi ɗaya yake ƙarewa.

Mu 'ya'yan 'yan kuza ne. Mahaifinmu ya hauro dutsen nan na Jos daga ƙasar Kano yana saurayi, ya yi lebura a ramukan kamfani har bayansa ya ranƙwafa, ya rasu ya bar Inna da mu biyu, ni da yayana. Ni ne Auta. Shi kuma ban taɓa kama sunansa ba, Yaya nake ce masa, haka zan ci gaba da ce masa a nan. Ruwan da muka buɗe ido muka sani shi ne na kududdufan da haƙar kuza ta bari a bayan gari, ramuka masu zurfin gaske, ruwansu kore shar, ga sanyi, ba ya zuwa ko'ina, ba ya motsi sai in iska ta shafe shi. Iyaye mata sun tsane su. In mun dawo gida Inna takan sa farce ta karci ƙwaurinmu, in farin layi ya fito ta san mun shiga ruwa, sai tsumagiya. Duk da haka a can muka koyi iyo, a can kuma Yaya ya yi suna. Yakan faɗo daga kan tarin jar ƙasa ya ɓace, har mu fara kallon juna, sai ga shi ya ɓullo can ɗaya gefen da laka a hannu don mu shaida ya taɓo ƙasa. Mutum ne mai baki, mai dariya da ƙarfi, duk abin da ya gani sai ya yi masa ba'a. Shi ya buɗe shagon nan, shi ya koya mini haɗa sarƙar keke da miƙar da ƙafar da ta karkace. Mun ɗauka duk wanda ya iya kududdufin kuza ya gama da ruwa.

A lokacin a unguwar Kongo-Rasha muke, katanga ɗaya da gidan da Azi yake. Azi ɗan mutanen dutse ne, sa'ana, an turo shi gari wurin kawunsa ya koyi kafinta. Ran Lahadi yana coci, ran Juma'a muna masallaci, sauran kwanakin kwano ɗaya muke sa hannu. Ranar da muka kai shi kududdufi don mu burge shi, tsayawa ya yi ya kalli ruwan ya taɓe baki.

"Wannan ruwa naku ya mutu," in ji shi da Hausarsa ta 'yan dutse. "Rami ne ya sha ruwa. Ku zo gida namu ku ga ruwa mai rai."

Yaya ya ce, "Ruwa ruwa ne, Azi. Ko naku yana da ƙaho a kai ni in gan shi."

Haka muka fara zuwa, duk shekara in damina ta ja jiki, ni da Yaya da Azi da Dogo, wani tela abokin Yaya wanda in ya hau keke gwiwoyinsa kan kusa dukan haɓarsa. Da sassafe muke fita, mu miƙe Titin Bauchi, a zamanin da gari ke ƙarewa tun kafin ka yi gumi, mu wuce Naraguta, sannan mu saki kwalta mu bi wata burtalin shanu da ta yi gabas ta shige cikin duwatsu. Inda keke ya ƙi gaba akwai rugar Fulani. Nan muke jingine kekunan a gindin ɗorawa, ba kwaɗo ba mai gadi, mu sha nono mu ci gaba da ƙafa cikin gamba da ta fi mu tsawo. Rafin daga can ƙuryar duwatsu yake fitowa, inda idanun ruwa suke, shi ya sa ko da rani ba ya ƙafewa. Yakan biyo ta wani matsattsen kwazazzabo da ba ka ganin ƙasansa, ya faɗo daga kan dutse, ya taru a wani gurbi mai faɗi, sannan ya bazu a kan duwatsu masu santsi ya yi mashigi, daga nan ya gangara ƙasar Bauchi. Mahaifin Azi ya ce in mutum ya bi shi bai tsaya ba zai kai inda babu dutse ko ɗaya sai yashi, amma shi bai taɓa bi ba, bai kuma ga dalilin bi ba. Gefen da muke isowa ƙaya ce da tsakuwa. Duk daɗin wurin yana ƙetare: farin yashi, fa mai ɗumi, wato shimfiɗaɗɗen dutse, wata babbar kanya a kan ɗan tudu, da siririyar hanyar da ta haura zuwa gidan su Azi, bukkoki kaɗan a cikin shingen ƙerana.

Baban Azi gajeren tsoho ne, ƙwaurinsa kamar taɓarya. Zuwanmu na farko, shi da wani ƙanensa suka ƙetaro suka tare mu. Yaya har ya tuɓe riga zai faɗa, tsohon ya riƙe masa hannu.

"Wannan rafi, ba a ƙetare shi mutum ɗaya," ya ce. "Ko ni da aka haife ni a nan. Ku kama juna."

Ya jera mu, kowa ya saƙala hannunsa a gwiwar hannun na kusa da shi. Mafi tsawo shi ke tsayawa ta inda ruwa ke tahowa ya raba ƙarfinsa, mafi ƙanƙanta a tsakiya. Ba a ɗaga ƙafa, jan ta ake yi a kan dutse, kuma ba a kallon ruwa don jiri, kanyar ƙetare ake kallo. In ɗaya ya zame, sauran su tsaya cak har ya sami ƙasa. Yaya ya ce ai wannan sarƙar keke ce, ba wani abu ba, sunan kuwa ya zauna, har tsohon ma ya koma cewa sarƙa. Da muka fita, ruwa na ɗiga daga wandunanmu, ya ƙara da magana ta biyu.

"Ku 'yan gari, sama na kanku kuke dubawa. Ruwa na rafin nan ba a nan yake faɗuwa ba, can yake faɗuwa." Ya nuna duwatsun da rafin ke fitowa. "In can ya yi baƙi, ko rana yana ƙona ka a nan, fita."

Muka ce to, Baba. Maganar farko ta zauna don ƙafafunmu sun ji ta. Ta biyun kunne ne kawai ya ji.

Ban san yadda zan gaya wa ɗan yanzu irin wunin da muke yi a can ba. Su hutunsu shi ne su zauna a gidan kallon ƙwallo janareta na hura musu hayaƙi, ko su riƙe wayar hannu suna ta latsa ta kamar mai tsintar shinkafa. Mu kuwa tana muke tonowa a laka, mu ɗana fatsa a bakin gurbi, mu fito da tarwaɗa mu gasa ta a kan fa da gishiri da ɗan yajin da Inna ta ƙulle mana ba tare da ta san inda za mu ba. Mu yi iyo har leɓunanmu su yi fari, mu kwanta a kan dutse rana ta gasa mana baya. Da azahar Azi ya hau tudu ya sauko da ƙwaryar gwaten acca daga hannun uwarsa, mu yi salla a kan yashi shi yana gefe yana korar ƙuda daga abincin. In na rufe ido yanzu, ba kamannin wurin ke fara zuwa mini ba, ƙararsa ce: kukan kurciya, haushin gwaggon biri daga kan duwatsu, sarewar wani makiyayi da ba ka ganinsa, a ƙarƙashin duka kuma ƙarar rafin da ba ta tsayawa. Ƙarar ta kai in mutum yana wancan gefe ko ihu ya yi ba ka jin sa, don haka muka ƙirƙiro magana da hannu. In ka dafa kanka da tafin hannu, kana cewa ina nan lafiya. In ka ɗaga hannu biyu, taho. In ka kaɗa hannu ƙasa-ƙasa kamar mai kore kaji, kada ka shigo. Dogo ya ƙara da tasa, shafa ciki, amma wannan ba sai an fassara ba.

Shekarar da abin ya faru, damina ta yi kamar ta tafi. Ranar garau take, sama a kanmu fes, ko ɗigon gajimare babu. Mun ƙetare da hantsi cikin sarƙa kamar kullum. Azi ya hau tudu ɗauko gwate, ni da Dogo muna kan fa muna fama da igiyar fatsar da ta harɗe, Yaya kuma yana tsakiyar gurbi a rigingine, yana rera wata waƙar 'yan kuza. Daga gurbin nan ba a hango duwatsun da tsoho ya nuna, bangon kwazazzabo ya kare su. Sai muka jiyo rugugi daga nesa, mai nauyi, har kana jin sa a tafin ƙafa. Mu da muka tashi a bakin ramuka, mun san ƙarar nan tun muna goye: babbar motar kamfani ce ta ɗauko ƙasa tana hawan tudu. Babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa me mota ke yi a dajin da ko keke ba ya shiga. Kunnenmu ya riga ya ba ta suna. Yaya ya ɗago kai daga ruwa ya ƙwala mana magana yana dariya.

"Auta! Har nan ma motar kamfani ta biyo mu? Ka ce mata yau ba aiki!"

Wata iska mai sanyi ta fito daga kwazazzabon, da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na ga busassun ganyaye da tsinkaye sun fara wucewa a kan ruwan da ɗazu yake garai. Can sama a kan tudu na hango Azi ya yar da ƙwaryar yana gangarowa a guje, yana ɗaga hannu biyu yana ihun da ba mu ji. Kafin in juyo, ruwan ya fito daga bakin kwazazzabo a tsaye, ja wur kamar kunun kanwa, da itatuwa a cikinsa. Dogo ya fizge ni muka haye saman dutse. Yaya ya yi iyo, wallahi ya yi, irin iyon da babu kamarsa a duk kududdufan Jos. Amma a kududdufi in ka yi iyo gaɓa tana jiran ka a inda ka bar ta. Na ga kansa sau ɗaya a ƙasan mashigi, daga nan ban ƙara ganin sa ba.

Washegari da hantsi mutanen su Azi suka same shi, ruwa ya ajiye shi a cikin saiwoyin wani ɓaure, a gefen da muke. Rafin kuwa bai sauka ba, yana ta tafasa, ko sarƙar mutum nawa aka yi ba za ta ƙetare shi da gawa ba, gawa kuma ba ta jira. Wani dattijon Bafillace da ke kiwo a wannan gefen ya zo ya yi masa wanka ya ja mu salla, ni da Dogo da 'ya'yan dattijon. Uwar Azi ta fito da farin zanen da ta adana bai taɓa shiga ruwa ba, aka yi likkafani da shi. Baban Azi da kansa ya ɗauki garma ya hau ɗan tudun kanya, ya tsaya ya dube ni.

"Yaro na, ina ne gabas naku? Nuna mini, kada in yi kuskure."

Na nuna masa. Bayan an rufe, ya ce kura na yawo a dajin, kuma ruwan da ke gangarowa daga tudu yana kwashe ƙasa duk damina, sai an danne da duwatsu. Muka shiga ɗebo fararen duwatsun bakin rafi, farare muka zaɓa don a riƙa hango su daga ɗaya gefen. Sai da muka yi fiye da kwana biyu a gidan su Azi kafin ruwa ya bar mu muka ƙetare. A rugar Fulani kekuna huɗu na jingine a gindin ɗorawa. Ni na janyo na Yaya da hannu ɗaya har gida.

Inna ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna a ƙofar ɗaki ta daɗe tana kallon keken. Ƙafarta ba za ta kai ta dajin nan ba, ta sani, mu ma mun sani, har ta koma ga Allah ba ta ga inda ɗanta yake kwance ba. Abin da ta roƙe ni ɗaya ne.

"Auta, sauran matattu suna da maƙwabta. Nawa shi kaɗai ne a daji. Kada ka bari ya ɓace."

Tun daga nan tafiyarmu ta sauya. Duk ƙarshen damina mu je, ni da Azi da Dogo, mu dubi duwatsun can sama da kyau kafin mu sa ƙafa, mu ƙetare cikin sarƙa, mu nome ciyawar da ta rufe kabarin, mu mayar da duwatsun da ruwa ya gangarar, mu ƙara sababbi. Ni da Dogo mu yi addu'armu, Azi ya cire hula ya yi tasa. Bayan nan mukan ɗana fatsa, don Azi ya ce Yaya ba zai yarda a zo har nan a koma ba a ci kifi ba. In na dawo, kafin in jingine keke Inna za ta tambaya daga cikin ɗaki, "Yana nan?" In ce, "Yana nan, Inna." Shi ke nan, ba ta ƙara komai. Mun yi aure, mun haifa, gashinmu ya yi fari, ba mu fasa ba. Baban Azi ya rasu. Inna ta rasu, na ci gaba da zuwa ko da babu mai tambaya. Da Dogo ya rasu, sarƙar ta koma ni da Azi, tsofaffi biyu muna jan ƙafa a kan dutse muna zagin gwiwoyin juna. Shi ke tsayawa ta sama, wai ya fi ni tsawo da ɗan yatsa, abin da ban taɓa yarda da shi ba.

Sai garin nan ya tsage. Ba zan tsaya ba da labarin ba, duk wanda ke Jos a farkon shekarun nan ya san abin da ya gani, kowa kuma yana da nasa. Abin da zan ce shi ne unguwannin da muka tashi a cakuɗe suka koma kowa da nasa ɓangare. Na kwashe iyalina daga Kongo-Rasha na dawo bayan shago. Azi kuma, na ji daga bakin mutane, ya kwashe nasa ya koma tudun ubansa a ƙetaren rafi. Ba mu yi sallama ba. Babu abin da ya shiga tsakaninmu, ko kallon banza, gari ne kawai ya raba mu kamar yadda ake raba tsaki da gari a rariya. Akwai wata hanyar da aka fitar daga baya da ke zagayawa ta bayan duwatsu ta ɓulla gidansu ba sai an shiga ruwa ba, amma ta ƙauyukan da mai irin hulata ba ya bi yanzu take ratsawa, ƙarshenta kuma hawan dutse ne da ya fi ƙarfin ƙafata. Shi ma Titin Bauchi ya zama masa haka. Damina biyu suka wuce ban je ba, ban kuma yi barcin kirki ba. Na kira babban ɗana, wanda ke sayar da kayan waya a kasuwa, na ce ya raka ni mu ƙetare.

"Baba, don Allah ka bar maganar nan," ya ce. "Hanyar nan ba sekuriti, ga cekin-foyin na sojoji ko'ina. Kuma addu'a ai daga nan ma tana isa. Kabari ba ya buƙatar dutse, kai ka koya mana haka."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na san addu'a ba ta jiran mashigi. Amma ba shi Inna ta roƙa ba.

Na ɗauki ɗan acaɓa na tafi. Inda muke sakin kwalta yanzu gidaje ne da gidan mai, ledojin fiyawata sun bi burtali har inda gari ya gaji. Rugar Fulani babu ita, ɗorawar ma an sare. Ɗan acaɓan ya ce, "Oga Baba, ni ba na barin mashin ɗina a daji," ya zauna a kansa, na ci gaba da sandata. Amma rafin yana nan yadda na bar shi, ƙararsa ta tare ni tun daga cikin gamba, har na ji ƙwalla. Na dubi duwatsun sama, fes suke. Na naɗe wando na shiga. Ruwan bai wuce gwiwa ba na ji yana jan ƙafata a kan gansakuka, na buɗe gwiwar hannuna ta hagu ba tare da na sani ba, ina neman hannun da zai saƙala. Babu kowa a hagu, babu kowa a dama. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan tsayuwar ba, ko ran da aka rufe Inna.

Na ɗaga ido in kalli kanya kamar yadda aka koya mana, sai na ga fararen duwatsu a jere tsaf, ciyawa a nome, ƙasar ma da ɗanyen sara. A gindin kanyar wani tsoho ya miƙe da ƙyar, yana dafe da fartanya. Ya rame, ya ranƙwafa, amma ko a cikin taron kasuwa zan gane tsayuwar nan. Na ƙwala masa kira, rafi ya haɗiye. Ya gangaro har bakin ruwa, ya kaɗa hannu ƙasa-ƙasa: kada ka shigo. Na ɗaga hannu biyu: to kai taho. Ya nuna gwiwarsa, ya nuna ruwan, ya girgiza kai, na ga kafaɗunsa na rawa, dariya yake yi. Na ja da baya na fito. Ya nuna kabarin, ya dafa ƙirjinsa, wato ya ɗauke mini. Sannan ya dafa kansa da tafin hannu, ni ma na dafa nawa. Muka zauna, shi a kan fa, ni a kan tsakuwa, muna kallon juna, tsakaninmu bai fi faɗin Titin Bauchi ba. Can ya shafa ciki irin na Dogo, na yi dariya har na yi tari. Da rana ta karkata ya miƙe ya kama hanyar tudu, yana tafiya yana waigowa.

Shekarar da ta biyo baya ban same shi ba, amma duwatsun na nan a jere, na san ya riga ni zuwa. Na yi addu'ata daga wannan gefen na koma da sanyin zuciya. Na gaya wa kaina tunda Azi na can, Yaya ya sami maƙwabci.

Bana na koma. Tun daga nesa idona ke neman fari a gindin kanya bai samu ba. Ciyawa ta rufe tudun har ƙugu. Da na ƙura ido sosai na ga dutse ɗaya ko biyu sun gangaro sun tsaya a kan yashi, sauran ban san inda suke ba. Na dubi saman tudu, babu hayaƙi a cikin shingen ƙerana, siririyar hanyar ma ta haɗe. Babu wanda ya aiko mini, babu wanda zai aiko. Ciyawar nan ce ta yi mini gaisuwar rasuwar Azi. Na zauna na yi kuka irin wanda tsoho ke yi in ya tabbata ba mai ganin sa.

Da na gama, na tsinci wani farin dutse daidai tafin hannu, na ja baya na jefa da duk ƙarfin da ya rage mini. Ko tsakiyar ruwa bai kai ba. Na tsaya a bakin mashigi na dafa kaina da tafin hannu, na daɗe a haka ina kallon kanyar. Na san damina ɗaya ko biyu nan gaba, ko ni ba zan iya nuna wa kowa daidai wurin ba, bayana kuma babu wanda zai ma tambaya. Ɗan acaɓa na can yana danna mini ham. Na ɗauki sandata na juya, ina cikin gamba na ji bakina yana amsa tambayar da ba a yi mini ba.

"Yana nan, Inna. Ni ne na kasa ƙetarewa."